Abin da Aka Cusa a Gaban Dama

Motar ba tawa ba ce, ta surukina ce, kuma daga nan duk rigimar ta taso. Tsohuwar kat-kat ce, irin mai ja da taya huɗu, mai buɗaɗɗen baya. Da can fara ce, amma lokacin da ta zo hannuna launinta ya koma na tukunyar wake. Ni nake tuƙa ta daga Tasawa zuwa kasuwannin ƙauye, galibi ta wajen Mayahi har Gidan Amumune, cikin rairayin da ƙananan motoci ba sa ko gwada shiga. Da ita nake ci, da ita nake ciyar da ƴar mai motar da jikokinsa. Makullinta a aljihuna yake kwana, kuma a tashar Tasawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Direban da makulli ke kwana a aljihunsa dabam yake da wanda ake miƙa wa da safe a karɓe da yamma.

Muna zamanmu lafiya ni da ita sai yayan matata ya dawo daga yawonsa. Mutumin nan babu sana'ar da bai taɓa ba, babu kuma wadda ta gama shekara a hannunsa. Ya sayar da waya, ya yi kabu-kabu, ya yi kiwon zabi har zabin suka ƙare. Da ya dawo yana zaman kashe wando a ƙofar gida, sai tsohon ya yanke cewa daga yau shi zai riƙa bin mota yana karɓar kuɗin fasinja. Ba a tambaye ni ba, sanar da ni aka yi. Washegari na tarar da shi a kujerar gaba, hannun dama, ya miƙe ƙafa kamar shi ya sayo ta. Kujerar nan kuwa ita ce wadda manyan ƴan kasuwa ke rububi a kanta, yanzu ta zama gadon mutumin da ba ya ɗaga ko buhu ɗaya.

Ba ya kirana da sunana. “Shofer” yake ce mini, wato direba, yana jan kalmar kamar mai kiran jaki. Ni kuma dole in ce masa Yaya, alhali da kaɗan ya girme ni. Na tsane shi tun makon farko, ba zan ɓoye ba.

Dabararsa ta farko ita ce a kai motar wurin mai walda a ɗora mata gadon ƙarfe a bisa kai, ya zarce har saman hancinta, don a ƙara kaya. Aka ɗora. Aka riƙa jibga masa buhunan gyaɗa da awaki ɗaurarru, har gaban motar ya fara sunkuyawa, musamman ta dama. In na shiga rairayi mai zurfi sai in ji cikinta na sharar ƙasa. Na yi magana, ya ce mini direbobin ƙwarai ba sa yawan ƙorafi.

Da kaka ta yi na tafi Maijirgi, garinmu, yankan geron mahaifina. Na bar motar a ƙofar gidan surukina. Da na dawo na same ta ta ɗaga kai, gabanta ya miƙe tsaf kamar an yi mata sabuwar ƙafa. Na yi mamaki, amma ban tambaya ba, don ban so in ba Yaya damar yi mini bayani.

Ranar da muka fita kasuwa, ba mu wuce gonakin bayan gari ba na ji kukan. Wani ƙiii-ƙiii ne siriri, daga ƙasan gaba, duk lokacin da taya ta faɗa rami ta taso. A kan kwalta shiru. Da mun sauka rairayi sai ya dawo. Fasinja ba su damu ba, su da ke fama da ƙahon akuya a haƙarƙari. Yaya ma ko a jikinsa, waƙa kawai ya ƙara wa sauti a wayarsa. Ni kuwa kukan nan a haƙorina nake jinsa. Mota ba ta kuka haka kawai, in ƙarfe ya yi ƙara to wani ƙarfen yake ci.

Na fara da abin da kowane direba zai fara da shi. Na duba robobin hannun taya, na girgiza su, lafiyarsu lau. Na bi kusoshi ɗaya bayan ɗaya na ƙara ɗaure su. Na shafa giris duk inda yatsana ya kai. Kukan ya yi shiru rabin hanya, ya dawo da ƙarfinsa kafin mu shiga Mayahi. Na zargi gadon ƙarfen nan, na hau na bi waldarsa, don har ga Allah na so a ce shi ne, in samu abin faɗa. Ba shi ba ne. Na sa aka riƙa danna hancin motar ana saki ina kwance a ƙasa ina saurare, sai na tabbatar daga ƙafar dama ta gaba yake fitowa.

A irin motar nan, ƙafar gaba tana da amortisar, wato sandar ƙarfe mai mai a ciki da ke shanye girgiza, sai kuma resor, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ya zagaye ta daga sama har ƙasa. Ita tana tsakiya, shi yana kewaye, kuma ba a yi su don su taɓa juna ba. Tsakaninsu akwai sarari da ɗan yatsa zai shiga. Wata safiya da ba kasuwa na ɗaga ta da kirik, na cire taya, na ɗauko tsinken kara na fara kankare busasshiyar lakar damina da ta lulluɓe wurin. Da lakar ta zube sai ga wani zane a jikin amortisar, dogo, fentin ya tafi, ƙarfen yana ƙyalli kamar sabon cokali. Na shafa, na ji har ya fara rami. Na samo alli na goga a cikin zoben resor ɗin, na mayar da taya, na zaga bayan gari na dawo. Allin ya goge a zobe na tsakiya, ta gefe ɗaya tak.

To me zai sa resor ya karkata gefe ɗaya? Na ɗauka ko gindinsa ne ya goce daga mazauninsa. Na leƙa, yana zaune daidai. Sai na zura hannu ta bayansa, ta ɓangaren injin inda ido ba ya kai, na ji wani abu da ba ƙarfe ba. Guntayen roba ne masu kauri, an yanko su daga tsohuwar taya, an buga su da ƙarfi tsakanin zobe da zobe. Su ne suka ɗaga gaban motar. Amma da yake ta gefe ɗaya aka cusa su, sun hana wannan gefen lanƙwasa, sai resor ɗin ya yi ciki kamar baka, cikinsa yana gugar amortisar. Duk ramin da na faɗa, sai ya ɗan ci jikinta. Ranar da ya huda ta, mai zai zube, motar ta zauna mini a daji da mutane da kaya.

Na miƙe raina a ɓace na nufi Yaya, yana zaune gindin itacen bedi yana shan shayi.

“Yaya, wane mai hankali ne ya cusa roba cikin resor?”

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi wani murmushi da har yau in na tuna sai in ji hannuna na ƙaiƙayi.

“Maimaita, shofer. Wane mai mi?”

“Na ce wa ya sa ta?”

“Baba ne. Da hannunshi ya yanko ta daga tayar amalankenshi, shi da kanshi ya buga ta. Je ka hwaɗa mishi ba shi da hankali. Ga shi can zaure.”

Ashe tsohon ne. Shi da ya fara neman abinci da amalanken jaki kafin Allah ya buɗa masa, kuma babu abin da yake taƙama da shi irin cewa hannunsa ya iya gyara. Daga baya na ji cewa duk abokan hirarsa sun san labarin robar nan. Ya ba su shi ba sau ɗaya ba: yadda bakanike zai ce a sayo sabon resor daga Maraɗi, shi kuwa ya ɗaga mota da guntun taya da guduma.

Wanda ba a nan ya tashi ba zai ce, to mene ne? Je ka ce masa Baba, robar nan ba ta yi ba. Amma tun da na auri ƴarsa ban taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa ban taɓa sha ba. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, in kuwa akwai lungu kusa sai in bi lungun. Haka aka koya mana, haka shi ma ya yi wa nasa surukin. Mijin ƴa ba ya ce wa uban matarsa ka yi kuskure.

Sai na bi hanyar da aka saba. Na faɗa wa matata, ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma ta jira ranar da tsohon ke cikin nishaɗi ta faɗa masa. Na yi wa matata bayanin resor da amortisar har da zane a ƙasa. Bayan kwana biyu aka aiko mini da gwangwanin giris, wai an ce mota na so. Na riƙe gwangwanin nan ina kallonsa, ban san ko in yi dariya ko in jefa shi bayan katanga ba.

Kukan kuwa yana ƙaruwa, ramin yana zurfi. Na ga ba makawa sai na je da kaina. Na zauna na tsara maganar da zan yi, na cire mata duk ƙaya. Ba zan ce roba ba, don da na ce roba ya san da shi nake. Ba zan ce wa ya sa ba. Zan faɗi ciwon kawai, in bar shi ya gane da kansa, ya sa a cire, kowa mutuncinsa na nan. Har na yaba wa kaina da wayo.

Bayan la'asar na je. Yana zaure a kan buzunsa, da abokansa tsofaffi, wani tela da wani mai sayar da goro. Yaya na jingine a bakin ƙofa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaida su kaina a ƙasa.

“Baba, kan maganar mota na zo. Ba ta da lahiya.”

“Ina ji.”

“Akwai abin da anka cusa a gaba, hannun dama. Ba wurinshi ba ne. Tun da anka sa shi, shi ka cin motar a hankali, ta inda ido bai gani. In ba a hidda shi ba, wata rana a daji za ta zauna.”

Zauren ya yi tsit. Na ɗauka maganar ce ke shiga. Ta gefen ido na ga tela ya juya ya dubi bakin ƙofa, mai goro ma ya juya, sannan ya yi tari ya shiga gyaran hularsa. Sai na ji muryar Yaya a kaina.

“Ni ne anka cusa? Ni ka cin motar? Baba, kana ji yana ce mini ɓarawo gaban mutane?”

Wallahi sai a lokacin na ji maganata da kunnuwansu. Wa aka cusa a gaba, hannun dama? Wa ke riƙe da kuɗin fasinja ta inda ido ba ya gani? Garin kauce wa uban na taka ɗan, kuma na taka shi a wuya. Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, amma in ba haka ba to me? Amsar tana zaune a kan buzu a gabana. Na rufe bakina.

Da tsohon ya yi magana, a hankali ya yi ta.

“Ashe ka iya gugar zana. Na ji. Tashi ka tahi.”

Kafin gari ya waye labarin ya kai tasha. Direbobi ba su da aiki sai irin wannan. Da na shigo sai a ɗaga murya, “Shofer, yaya gaban dama? Har yanzu shina ci?” Wasu har hannu suke ba ni, wai na burge su, na faɗi abin da kowa ya sani. Na rantse musu ƙarfe nake nufi, suka ce ai ƙarfen ne, mai shan shayi. Ban taɓa jin haushin yabo ba sai a kwanakin nan.

A cikin mota kuwa ba magana. Ya sha kunu, na sha kunu. Ni ina tuƙi, shi yana kallon taga, tsakaninmu ba abin da ke motsi sai kukan nan, ƙiii-ƙiii, daidai ƙarƙashin ƙafarsa. In fasinja ya miƙo kuɗi sai ya ɗaga su sama ya ce, “Shofer, duba da kyau, kar in ci.” A kasuwar Gidan Amumune ya faɗi haka gaban wata tsohuwa mai daddawa, na fito na zagayo ta gefensa, sai da masu lodi suka shiga tsakani. Ranar da yamma, kafin mu juyo, na leƙa ƙafar dama. Zanen nan ya fara jiƙa. Mai ya soma tsatsowa, ƙura ta manne a kansa.

Da muka iso gida matata ta tare ni da saƙo. Baba ya ce gobe bayan la'asar in zo zaure, gaban mutanen da na yi maganar, in ba Yaya haƙuri. In ba zan iya ba, in kawo makulli.

Ta ce, “Ka ba shi haƙurin mana. Mi zai rage ka da shi?”

Na ce, “Haƙurin mi? Abin da ban hwaɗa ba?”

“Kai dai ka ba shi.”

Na so in ba shi. Na tuna yaran, na tuna kujerar nan da ta ɗauki siffar bayana. Amma in na durƙusa na ce Yaya yi haƙuri, na amsa cewa da shi nake. Robar tana nan inda take, amortisar ta fashe, kuma ranar da ta fashe za a ce direba ne bai iya tuƙi ba. Ga shi in ba mutumin nan haƙuri, yana tsaye yana murmushin nan nasa. Wannan kam ba zan iya ba.

Washegari da motar na je. Na tsayar da ita daidai bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba. Suna nan dukansu, har da ƙarin maƙwabta da suka zo kallon ba da haƙuri. Ban shiga ba. Na sauke kirik, na ɗaga ƙafar dama, na cire taya, suna kallona. Na sa ƙarfen cire taya tsakanin zobe, na danna da dukan ƙarfina, na zaro robar farko. Na zaro sauran. Resor ɗin ya yi wata ƴar ƙara ya miƙe, sarari ya buɗe tsakaninsa da amortisar. Na zura yatsana na zagaya, ba inda ya taɓa.

Na kwashi robobin na shiga zaure da takalmina a ƙafa. Na ajiye su a bakin buzunsa. Ban durƙusa ba. Na ɗaga kai na dube shi, karo na farko a rayuwata, na ga ashe idonsa ɗaya ya fara fari.

“Baba, wanga nike nuhi. Ba ɗanka ba. Wanga robar ce anka cusa a gaban dama, ita ka cin motar. Ta huda amortisar, ga mai can shina zuba, kowa ya je ya gani. Kuma kai ka sa ta. Ba a yin haka. Mota ba amalanke ba ce.”

Babu wanda ya tashi ya je ya gani. Tela ya sunkuyar da kai, mai goro ya shiga salati a hankali. Yaya kansa, da ya kamata ya yi murna an wanke shi, baki ya buɗe yana kallona kamar na tuɓe tsirara. Tsohon bai dubi robar ba, ni yake kallo.

Ya ce, “Aje makullin.”

Na miƙa masa.

“Ban ce ka ba ni ba. Aje shi ƙasa.”

Na ajiye shi kusa da robobin. Na fita na mayar da tayar, na ɗaure ta tsaf, na sauke kirik na sa shi a mazauninsa, don ba zan bar mota a kan ƙafa uku ba ko ta wane ne. Na tako gida a ƙasa, hannuna duk baƙin mai.

Labari ya riga ni isa. Na tarar da matata zaune bakin murhu, wuta ta mutu ba ta hura ba. Na fara yi mata bayani, cewa yanzu kowa ya san ban ce wa yayanta ɓarawo ba, na wanke kaina, na wanke shi.

Ta ɗago ta dube ni, idonta jajir.

“Wa ya ce ka wanke shi? Kana tsammani Baba bai san Yaya na ci ba? Ya sani tun kahin kai. Ranar da ka yi magana, da kun watse, shi da kanshi ya ce ma Inna yaron nan ya yi gaskiya, kuma ya iya hwaɗinta da ladabi. Haƙurin na idon mutane ne. Da ka ba shi, bayan Salla za shi hidda Yaya daga motar ya bar maka ita kai ɗaya.”

Na tsaya riƙe da tsumman goge hannu.

“To ai ni resor nike nuhi,” na ce.

“Na sani,” in ji ta. “Da ka bar maganar a kan ɓarawon.”